Masu Ƙafa Biyu Kaɗai

Ranar da hukumar gari ta kafa turakun ƙarfe a bakin titin tsakiyar gari, ta ce mota ta gama shiga nan, kowa a layin ya wuni da baƙin rai in ban da mutum ɗaya. Mutumin nan mai sayar da takalma ne, ana ce masa Injiniya. Kada sunan ya ruɗe ka, ko sakata bai taɓa gyarawa ba. Fankar mai aski ya taɓa kwancewa wai zai ƙara mata gudu, da ya mayar aka kunna sai ta kwashi gashin da aka aske ta watsa wa masu jiran layi a fuska, daga nan ta yi hayaƙi ta mutu. Tun ranar sunan ya bi shi. Shi kuma da yake Allah bai ba shi kunya mai yawa ba, ya karɓa hannu bibbiyu.

Shagon ma ba nasa ba ne. Ɗaki ne a jikin gidan abincin yayarsa, ta ba shi aro ya jera takalmansa, don ya samu wurin zama ya daina bin mutane da shawarar da ba su nema ba. In ka cire ɗakin nan, Injiniya ba shi da komai a duniya sai baki.

Toshe titin ya taɓa kowa. Yayar tasa direbobi ne ke cika mata gida, su ajiye mota a ƙofa su ci su ƙara gaba, sai ta wayi gari sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ta dafa tukunya ta zauna tana kallonta. Mai katifa ya rasa wanda zai yarda ya ɗora katifa a ka har bakin titi. Mai faci kuwa, da yake babu taya babu faci, ya koma zama a kan tsohuwar taya yana korar ƙuda, yana neman wanda zai huce a kansa.

Ana cikin wannan hali Injiniya ya fito da sabon takalmi mai ƙara, yana taku ɗai-ɗai a tsakiyar kwalta, hannu a baya.

"Kun ga aiki ko?" in ji shi. "Ni na kawo wannan tsarin. Na daɗe ina gaya wa manya, gari ba ya ci gaba sai mutane sun taka. In sun taka takalmi ya cinye, in ya cinye ina za su? Wurina!"

Mai faci ya ɗago kai a hankali. "Wato kai ne ka kashe mana kasuwa?"

"A'a, ni shawara na bayar, su suka aiwatar."

"Wa ka ba shawarar?"

"Wani ne da ƙanin matarsa ke wanke motar magajin gari."

Mai aski da ke tsaye a ƙofar shagonsa da almakashi a hannu ya ce, "Kai! Ashe da manya muke zaune ba mu sani ba." Aka kwashe da dariya. Injiniya ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga musu hannu.

Kafin rana ta yi tsaka maganar ta isa kicin. Yaya ta leƙo ta ƙwala masa kira, ya shiga ya same ta a gaban tukunyar da ba wanda ya taɓa.

"Auta, da gaske kai ne ka jawo mini wannan masifar?"

Mai hankali da a nan ya ce wasa yake yi. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙugu.

"Yaya, ke ba ki gane ci gaba ba ne. Hukuma ta yarda masu abinci su fito da tebura waje. Ki jera naki a tsakiyar titi, iska na kaɗawa, ba hayaƙi ba ham ɗin mota. Ranar buɗe titi ni da kaina zan kawo miki magajin gari ya ci abinci a nan. Daga ranar direbobin nan roƙonki za su riƙa yi."

Yaya ta ajiye ludayi, ta dube shi daga sama har sabon takalmin. "To ji nan. Tunda kai ka kore mini masu ci, kai za ka dawo da su. In aka buɗe titin nan gidana bai cika ba, ka kwashe takalmanka ka ba ni ɗakina. Wallahi ba wasa nake ba."

Ya san Yaya ba ta rantsuwa a banza. Amma baki ya riga ya saba, ya ce, "Cika kaɗai? Yaya, ke dai ki sa ido."

Washegari wani jami'in hukuma ya zo da makullin turken tsakiya, wanda ake kwantarwa da sassafe don masu kawo kaya. Yana neman wanda zai riƙe makullin, ya kuma riƙa sa ido a bakin titi kafin ranar buɗewa. Kowa ya kau da kai, mai katifa ma ya shige shago. Injiniya ya fizge makullin kafin jami'in ya rufe baki, ya zura masa igiyar takalmi ya rataya a wuya.

"Ina allon sanarwa?" ya tambaya.

"Yana wurin masu fenti," in ji jami'in. "Za a rubuta: titin masu tafiya a ƙasa."

Injiniya ya saki wata dariyar raini. "A ƙasa? To mota a sama take tafiya? Ranka ya daɗe, ku bar mini wannan, aikin masu kai ne."

Jami'in yana sauri, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Injiniya ya samo katako da jan fenti, ya fito da harshe waje ya rangaɗa rubutu manya-manya: MASU ƘAFA BIYU KAƊAI. Ya kafa a bakin titi, ya ja da baya yana kallo, bakinsa har kunne.

Mai faci ya zo ya karanta. Shi mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙafa, ƙafar mota, ƙafar babur, ƙafar keke. Ya yi murmushin da bai yi ba tun da aka toshe titi, ya karkaɗe wando, ya nufi inda masu babur ke taruwa.

Ba a jima ba aka ji wani irin ruri yana tahowa. Masu babur ne, kamar an buɗe musu ƙofar aljanna, sun samu titi fetal ba mota ko ɗaya. Suka riƙa ratsowa ta tsakanin turaku suna danna ham. Injiniya ya yi tsalle ya tare na gaba, ya baje hannuwa.

"Kai! Ba ka iya karatu ba ne?"

"Na iya mana. Babur ƙafarsa nawa?"

Injiniya ya dubi ta gaba, ya dubi ta baya. "Biyu."

"To matsa."

Wunin ranar titin ya fi lokacin motoci cunkoso. Wani ya kwashi katifun da aka jingina a waje ya zube da su. Mai aski ya firgita da ham ya zabge wa wani bawan Allah rabin gashin baki. Yaya ta fito ta tsaya a ƙofa, ta dubi Injiniya, ta dubi ɗakinsa, ta koma ciki. Kallon nan ya fi zagi ciwo.

Sai ga dabara ta faɗo masa, irin dabarun da ke zuwa wa mutum don su ƙarasa shi. Ya ɗauko fenti ya ƙara kalma ɗaya a ƙasan allon: JIMILLA. Ya sake tare na gaba.

"Babur ƙafa biyu, kai ƙafa biyu. Nawa ke nan?"

"Huɗu," in ji mai babur, da ya gama lissafi.

"To juya, ko in kira hukuma!" Ya kaɗa masa makullin a fuska.

Abin mamaki suka juya, suna tsaki suna zage-zage. Wannan nasarar ita ta ƙarasa lalata shi. Ya kife bokiti a bakin titi ya zauna, ya ce daga yau ba mai wucewa sai an ƙirga shi. Mai faci kuwa ya gangaro da tayarsa ya ajiye a gefe ya zauna, wai ya zo taya shi aiki don kada a yi son kai.

Na farko da ya iso wani tsoho ne yana dogara sanda. Injiniya ya kau da kai zai bar shi ya wuce, mai faci ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Uku!"

Ido ya dawo kan Injiniya. Ya miƙe da ƙyar. "Baba, a yi haƙuri a tsaya. Ɗaya, biyu, uku."

"Ukun me, ɗan nan?"

"Sandar, Baba. Tana taka ƙasa."

"Sandar nan ta girmi ubanka."

"Doka ba ta san girma ba. Ka ajiye ta a nan, in ka dawo ka ɗauka."

Tsoho ya ɗaga sandar sama a hankali. "Yanzu fa, tana taka ƙasa?"

"A'a."

"To ka ga ba ƙafa ba ce, hannu ce." Ya sauke masa ita a ƙeya, ƙwas, ya wuce abinsa.

Bai gama sosa wurin ba sai ga wata mata da keken jariri. Mai faci ya ƙirga da yatsa: na keken huɗu, nata biyu, na jaririn biyu. "Takwas! Injiniya, wannan ai babbar mota ce."

Matar ta ji bayani har ƙarshe, ba ta yi musu ba. Ta ciro jaririn ta danƙa wa Injiniya. "Riƙe mini shi da keken, ni mai biyu ce, in shiga in fito." Ta shige ta bar shi da ɗa yana tsala ihu.

"Yanzu kai ma huɗu ne," in ji mai faci. "Ka ɗan fita daga cikin titi." Haka Injiniya ya tsaya a bayan turaku yana jijjiga ɗan mutane, har jaririn ya yi masa wanka tun daga riga zuwa sabon takalmi.

Masu baro su suka fi shan wahala. Baro ƙafa ɗaya, mai shi biyu, uku ke nan, ba shiga. Kayan shaguna suka taru a bakin titi, har da buhunan shinkafar Yaya, sai an ɗauko a ka. Mutane suka gaji da ƙirga, suka koma zagayawa ta wani layin. Titin ya yi tsit, ba mota, ba babur, ba mutum. Masu shaguna suka yi caa a kansa, ya ce su ba su san tsari ba, wannan shi ake kira tsabta.

Ana gobe buɗewa Yaya ta fito da teburanta ta jera a tsakiyar titi, ta goge su tas. Tebura ne masu kyau na katako mai nauyi, tun farkon buɗe gidan take tattalinsu. Sai ga mai faci tafe, masu baro na biye da shi, suka tsaya a gaban Injiniya.

"Tambaya ce da mu," in ji mai faci. "Teburan yayarka ƙafa nawa?"

"Huɗu!" masu baro suka amsa baki ɗaya.

"Wato baronmu mai ɗaya ya tsaya a waje, tebur mai huɗu ya miƙe ƙafa a tsakiyar titi don na 'yan gida ne? To mun ji. Gobe in tebur mai huɗu ya zauna a nan, mu ma za mu shigo da barori mu yi ta zagaye magajin gari har ya tafi."

Injiniya ya auna lamarin. In aka kwashe teburan, babu inda magajin gari zai zauna, ɗaki ya tafi. In barori suka shigo aka watse, ɗaki ya tafi. Akwai hanya mai sauƙi a gabansa, ya tumɓuke allon ya ce, jama'a na yi kuskure. Amma wannan magana ce da bakinsa bai taɓa koyon furtawa ba.

"Wa ya ce muku huɗu ne?" in ji shi. "Gobe ku zo ku ƙirga."

Da sassafe Yaya ta tafi cefane, ta bar masa shirya wuri. Tana shan kwana ya zaro zarton da ya aro. Ya kwantar da teburan ɗaya bayan ɗaya, ya yanke wa kowane ƙafa biyu na gefe guda, yana yi yana yaba wa kansa. Ya haɗa su bibbiyu, gundulmi na fuskantar gundulmi, ya ɗaure mahaɗar ta ƙasa da igiyoyin takalmi. Da ya ga tsakiya na lotsawa, ya kwaso kwalayen takalmi da babu komai a ciki ya jera ya tokare, don dai kowa ya san kwali ba ƙafa ba ne. Kujeru ya mayar da su ciki, ya aro bencina masu ƙafa biyu a wurin mai aski. Ya shimfiɗa dogon ƙyalle har ƙasa, ya ɓoye guntayen ƙafafun a bayan kantarsa.

Yaya ta dawo ta ga dogon tebur fes. "Ikon Allah," ta ce. "Auta, yau ka yi abin kai."

"Kaɗan kika gani, Yaya."

Tana shiga kicin mai faci ya iso da mutanensa. Ya tsuguna ya ɗaga ƙyallen babban teburin tsakiya ya leƙa. "Huɗu."

"Tebur biyu ne. Raba."

Mai faci ya dubi igiyoyin, ya dubi kwalayen, ya daɗe yana kallo. Sai ya sauke ƙyallen a hankali kamar mai rufe jariri. "Wallahi ka yi gaskiya, Injiniya. Na sallama." Ya ce wa masu baro su bar barori a waje, yau ranar kallo ce. Ya je ya nemi wurin zama mai kyau, nesa kaɗan da teburin.

Can sai ga magajin gari a ƙafa da jama'arsa, ƙaton mutum cikin fararen kaya, yana haki don rabonsa da tafiya irin wannan an daɗe. Jami'in nan na makulli yana gaba. Da idonsa ya faɗa kan allon ya ga abin da aka rubuta, sai ya je ya tsaya a gabansa ya baje riga har manya suka wuce. Mai ɗaukar hoto ya fara kafa abin ɗora kyamararsa, mai faci ya ce daga inda yake zaune, "Uku!" Injiniya ya ruga ya hana. Mutumin ya saɓa kyamara a kafaɗa ya matso dab da tebur yana ƙunƙuni.

Aka yanka ƙyallen buɗe titi, aka tafa. Magajin gari ya duba bai ga wurin zama ba sai dogon teburin Yaya, ya nufe shi don ƙafafunsa sun gaji. Injiniya ya raɗa wa mai aski, "Ka gani? Ni na ce masa ya zauna nan."

Magajin gari ya zauna a ƙarshe ɗaya na teburin, jami'in a ɗaya ƙarshen, sauran manya a gefe. Yaya ta jero farantai da tulin shinkafa, sannan ta rungumo babbar tukunyar miya tana tafasa, ta dire ta a tsakiya, daidai kan mahaɗa. Teburin ya yi wani ɗan nishi. Injiniya kaɗai ya ji, shi da mai faci.

Aka kawo ruwan wanke hannu. Wani daga cikin manyan ya wanke, ya ture kwanon da ƙafa ba da sani ba, ruwa ya malala ƙarƙashin ƙyalle. Injiniya ya bi ruwan da ido, ya tuna kwali. Ya ga tukunya ta fara yin ƙasa kaɗan-kaɗan. Ya yi kamar abu ya faɗi masa, ya sunkuya, ya sulale ƙarƙashin tebur.

Kwalayen sun jiƙe sun zama kamar burodi a shayi. Ya durƙusa, gwiwa biyu hannu biyu, ya kafa bayansa a mahaɗar ya tokare. Nauyi ya sauko masa, zafin tukunya ya ratso katako yana gasa masa gadon baya. Ya cije leɓe. A ransa yana cewa, su ci su tashi kawai, ɗaki ya tsira.

Ashe magajin gari ba ya cin abinci sai ya yi jawabi. Ya miƙe, ya dafa tebur da hannu biyu, ya fara daga tarihin titin. Ya yi maganar iska mai kyau, ya yi maganar lafiyar tafiya a ƙafa, shi da ke haki har yanzu. Duk inda ya kai gaɓa sai ya daki tebur, dukan ya sauka a ƙashin bayan Injiniya. Ya gyara tsayuwa ya take masa yatsu. Injiniya ya dubi takalmin da ke murje shi, ko a cikin wannan azaba sai da ya lura jabu ne.

"A ƙarshe," in ji magajin gari, "an gaya mini akwai wani ɗan kasuwa a layin nan da ya sadaukar da kansa yana gadin titin nan ba ko sisi. Ina yake? Ya fito in gaisa da shi a gaban jama'a."

Wayyo! Abin da Injiniya ya yi ta mafarki tun yana yaro, ga shi ya zo, shi kuma yana ƙarƙashin tebur. Aka shiga waige-waige. Yaya ta ƙwala kira, "Auta! Ina ka shiga?"

Mai faci ya taso a natse. "Ranka ya daɗe, ai yana kusa da kai." Ya kama gefen ƙyallen ya yaye shi sama.

Ga Injiniya a durƙushe, gumi na ɗiga daga hancinsa, makulli na reto a wuya, tebur a gadon baya. Mai faci ya nuna da yatsa, ya ƙirga a hankali yadda na baya za su ji.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

"Huɗu!" masu baro suka ɗauka. "Mai ƙafa huɗu a titi! A fitar da shi!"

Duk wani mai rabon tsira da ya yi shiru ya ci gaba da riƙe teburinsa. Injiniya ya ji an ce masa mai ƙafa huɗu a gaban magajin gari da kyamara, ya manta tukunya, ya manta ɗaki, ya manta Yaya.

"Ƙarya ne! Biyu ne!" Ya miƙe zumbur.

Tsakiyar tebur ta yi sama, igiyoyi suka tsinke. Rabin farantai suka gangara ta dama suka juye a cinyar jami'i, rabi suka gangara ta hagu suka sauka a fararen kayan magajin gari, shinkafa har cikin aljihu. Manyan da ke gefe suka yi baya a tare, benci ya kife da su, ƙafafu a sama. Tukunyar miya ta yi tsalle ta juya ta kife a kan Injiniya har kafaɗa. Ya shiga ihu a cikinta yana juyi, muryar na fitowa kamar daga rijiya, "Biyu ne! Ku ƙirga!"

Mai aski ya yi dariya har ya zauna a kwalta. Tsohon nan mai sanda, da ya zo kallo, ya matso ya ƙwanƙwasa tukunyar ya ce a gaida mai gida. Magajin gari ya tsaya miya na ɗiga daga haɓarsa, ya juya ya nufi motarsa da saurin da ba a san yana da shi ba. Jami'in ya cire tukunyar, ya fizge makullin daga wuyan Injiniya, ya je ya tumɓuke allon da hannunsa ya karya a gwiwa.

Yaya kuwa tana tsugune tana shafa gundulmin ƙafar teburinta, inda zarto ya ci. Idonta ya cika da hawaye. Ta tashi ta shige kicin ba ta ko dube shi ba.

Injiniya ya kulle kansa a ɗakin takalma yana shafa man ƙuna a wuya, yana jiran a zo a kore shi. Shiru ba a zo ba. Abin da bai sani ba, hotonsa da tukunya a ka ya zaga gari, babu wayar da bai shiga ba. Mutane suka fara tahowa a ƙafa daga unguwanni masu nisa don su ga inda abin ya faru. In sun zo sun gaji, in sun gaji sai yunwa. Kafinta ya mayar wa teburan ƙafafunsu, kowa na son ya zauna a na tsakiya ya leƙa ƙarƙashi. Mai aski ya samu layi. Mai faci ya koma gyaran ƙafar baro da ta keken jarirai, yana ba da labarin kyauta ga duk wanda ya tsaya.

Da Injiniya ya leƙo ta taga ya ga mutane a tsaye da farantai a hannu don babu wurin zama, sai ya ji baki ya dawo masa. Ya sa takalmi mai ƙara, ya ratsa jama'a suna nuna shi suna dariya, yana ɗaga musu hannu, ya shiga kicin.

"Yaya, me na ce miki? Gida ya cika ko bai cika ba?"

"Ya cika," in ji ta, tana zuba miya ba ta ɗago ba.

"To alhamdu lillahi. Maganar ɗaki ta mutu ke nan."

"Ya cika har ya yi ambaliya, Auta. Dubi mutane a tsaye. Ina kake so in zaunar da su?"

Ya bi inda ludayinta ya nuna. Kafinta ne tsaye a ƙofar ɗakinsa da guduma, yana auna bangon da ya raba shi da gidan abinci.

"Yaya, ba haka muka yi ba! Cewa kika yi in bai cika ba!"

"Na ce in bai cika ba ka fita. Ka ji na ce in ya cika za ka zauna?"

Ya dube ta ko zai ga alamar wasa, bai gani ba. Muryarsa ta yi ƙasa, ta koma ta ƙaramin ƙanen da ta goya. "Yaya, to ina zan kai su?"

"Ga titi nan fetal, ba mota ba babur. Ka rataya ka zaga da su."

Ya buɗe baki zai yi magana, karo na farko a rayuwarsa babu abin da ya fito. Yaya ta jawo buhunan da ta juye shinkafa ta miƙa masa, ta ce ya yi sauri, masu cin rana sun kusa zuwa.